Bizar aiki bayan digiri: an karɓi kuɗi, sannan ana rage mudu

Daga ranar 1 ga Janairun 2027, ɗalibin ƙasar waje da ya gama digirin farko ko na biyu a Birtaniya, ya nemi bizar zama don neman aiki, wata 18 za a ba shi maimakon wata 24 da ake bayarwa tun 2021. Masu digirin digirgir ne kawai aka bar musu shekara ukunsu. Gwamnatin Keir Starmer ta bayyana wannan niyya a takardar manufofin shige da fice da ta fitar a watan Mayun 2025, daga baya ta sa rana.

Wata shida ne kacal, wani zai ce. To, a ɗauki yarinyar da ta fara digiri na shekara uku a watan Satumban 2024. Lokacin da iyayenta suka zauna suka yi lissafi, suka biya kuɗin shekarar farko, abin da ke rubuce a shafin gwamnati da takardun tallan jami'a shi ne shekara biyu bayan kammalawa. Za ta gama a tsakiyar 2027, lokacin da sabuwar doka ta riga ta fara aiki. Ba za a rage mata ko fam ɗaya daga kuɗin makaranta ba. Wannan daidai yake da ka biya kuɗin mudu goma na gero, mai awo ya soke kuɗin a aljihu, sannan ya ɗauko wani mudun da bai kai na farko ba ya fara auna maka.

Ra'ayina a kan wannan batu bai da wuyar faɗa. Bizar aiki bayan karatu ba kyauta ba ce da ƙasashe irin Birtaniya ke yi wa baƙi don tausayi. Wani ɓangare ce na hajar da suke sayarwa, kuma da ita suke jawo masu saye. Wanda ya sa ta cikin ciniki ya karɓi kuɗi, bai kamata ya taɓa ta ba sai a kan waɗanda ba su riga sun biya ba. Mu kuma masu saye, tunda mun ga yadda ake yi, ya kamata mu daina ɗora dukiyar gida kacokan a kan takardar da minista ɗaya zai iya gajarta ta da sanarwa ɗaya.

Tarihin bizar a Birtaniya shi da kansa ya isa hujja. Akwai irinta a da, ta shekara biyu. Theresa May, lokacin tana sakatariyar harkokin cikin gida, ta rufe ta a watan Afrilun 2012. Cikin 'yan shekaru adadin ɗaliban Indiya a jami'o'in ƙasar ya faɗi da fiye da rabi, da yawa suka karkata Kanada da Ostareliya, inda ƙofar aiki bayan karatu take buɗe. Jami'o'i suka yi ta kuka. A 2019 gwamnati ta fitar da tsarin da ke neman ɗaliban waje dubu 600 a shekara kafin 2030, kuma a watan Satumban wannan shekarar gwamnatin Boris Johnson ta ce bizar za ta dawo. Ta dawo ranar 1 ga Yulin 2021 da sunan Graduate Route. A shekarar ce kuma aka ambaci Najeriya ƙarara cikin ƙasashe biyar da za a fi mayar da hankali wajen neman ɗalibai, tare da Indiya da Indunusiya da Saudiyya da Biyetnam. Wato ba mu muka kutsa ba, gayyatar mu aka yi.

Dalilin gayyatar kuɗi ne. Kuɗin da jami'a a Ingila za ta iya karɓa daga ɗan ƙasa mai digirin farko ya tsaya cak a fam 9,250 tun 2017, sai a 2025 aka ɗaga shi zuwa 9,535, alhali farashin komai ya tashi. Ɗalibin waje kuwa babu iyaka a kansa, ana karɓar ninki biyu ko uku a hannunsa, wani fannin ma fiye da haka. Da wannan rarar ake toshe giɓin koyar da 'yan ƙasa da na bincike. 'Yan Najeriya suka amsa kira: daga kimanin dubu 13 a zangon 2019/20, suka haura dubu 70 a zangon 2022/23. Babu wanda zai ce ingancin koyarwa ne ya ninka sau biyar cikin shekara uku. Shekara biyun nan ce ta jawo mutane, da kuma damar tafiya da iyali.

Damar iyalin ce aka fara yankewa. A 2022 matan aure da mazaje da 'ya'yan da suka bi ɗaliban Najeriya sun haura dubu 60, sun ma ɗan ɗara ɗaliban kansu yawa. Sakatariyar harkokin cikin gida ta lokacin, Suella Braverman, ta sanar a Mayun 2023 cewa daga Janairun 2024 mai digiri na biyu na darasin aji ba zai ƙara zuwa da iyali ba, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wannan matakin, ko da mutum bai so shi ba, aƙalla ya faɗa ne a kan sababbin shiga. Wanda ya riga ya zo da matarsa ba a ce ta koma ba. Ina kawo wannan ne don a ga cewa gwamnatin ta san yadda ake sauya doka ba tare da an taɓa wanda ya riga ya shiga ba, idan ta ga dama.

Yanzu ga abin da dillalan makarantu ba su cika tsayawa a kai ba. Bizar nan mai sauƙin samu ce: ba a neman ka da takardar ɗaukar aiki, ba a neman wani kamfani ya tsaya maka, kana iya yin kusan kowane irin aiki ko ka kafa sana'arka. Amma sau ɗaya ake ba da ita a rayuwa, ba a sabunta ta, kuma lokacin da ka yi a kanta ba ya shiga lissafin shekarun da ma'aikaci ke tarawa kafin ya nemi izinin zama na dindindin. Kuɗinta ma ba wasa ba ne. A 2025 kuɗin nema fam 880 ne, ga harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara da ake biya gaba ɗaya tun farko, wato fam 2,950 kafin ka ga albashin wata ɗaya. Duk amfaninta shi ne ta ba ka lokaci ka nemo kamfanin da ke da lasisin ɗaukar baƙo, wanda zai yarda ya ba ka takardar ɗaukar nauyi ka koma bizar ƙwararrun ma'aikata. Nan ne ainihin ƙofar take, kuma nan aka fi matsewa.

Kafin Afrilun 2024, mafi ƙarancin albashin da ake nema don wannan biza fam 26,200 ne a shekara. Rana ɗaya aka mayar da shi 38,700. A Yulin 2025 aka ƙara zuwa 41,700, aka kuma ce aikin ya zama na matakin masu digiri, in ban da wasu 'yan ayyuka da aka ware. Gaskiya ne akwai rangwame ga sababbin shiga kasuwar aiki, wanda ya sauko da adadin zuwa 33,400, amma rangwamen na shekara huɗu ne gaba ɗaya, kuma lokacin da ka ci a bizar bayan karatu yana cikin huɗun. Duk wanda ya san albashin farawa a garuruwa irin su Middlesbrough ko Hull ko Sunderland ya san cewa yawancin 'yan ƙasar ma da suka fito jami'a ba da wannan adadi suke farawa ba. Ana neman baƙo ya tsallake katangar da ɗan gida bai tsallake ba, cikin wata 18, a garin da bai san kowa ba.

Kuma wata shidan da aka cire suna da nauyi fiye da yadda suke a takarda. Manyan kamfanonin Birtaniya sukan buɗe neman sababbin masu digiri ne da kaka, don aikin da za a fara a Satumban shekara mai zuwa. Mai digiri na biyu na shekara ɗaya yana sauka a Satumba, bai gama gane hanyar bas ba, an riga an fara rufe neman aikin da ya dace da shi. Idan ya rasa wannan zagayen sai na gaba, wanda aikinsa zai fara bayan ya cinye wani kaso mai yawa na bizarsa. Shirye-shiryen horar da sababbin ma'aikata kuma yawancinsu shekara biyu ne, na akanta ma uku. Manajan da ya ga wata 18 a takardarka ya san tun ranar farko cewa sai ya shiga ɗawainiyar ɗaukar nauyi kafin ka gama horo. Ga wani mai nema a gefe wanda ba ya buƙatar komai. Ba sai manajan ya kasance mai ƙin baƙi ba kafin ya zaɓi wancan.

Shi ya sa mutane da yawa suka ƙare a gidajen kula da tsofaffi. Mai digiri na biyu a harkar sarrafa bayanai ko gudanar da kasuwanci, yana wanke tsoho yana canza masa shimfiɗa, domin a nan ne kaɗai aka samu mai ba da takardar ɗaukar nauyi. Ba na raina aikin, kula da tsoho aikin lada ne, kuma Birtaniya na matuƙar buƙatar masu yin sa. Amma ba don shi aka sayar da fili a Kano ko Kaduna ba. Wannan ƙofar ma an turo ta: tun Maris na 2024 ma'aikacin kula da tsofaffi ba ya zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka daina ɗauko su daga waje, waɗanda ke cikin ƙasar kuma aka ba su zuwa Yulin 2028 su sauya zuwa wannan layi. A tsakanin nan 'yan damfara suka samu kasuwa, suna sayar da takardar ɗaukar nauyi da dubban fam, abin da doka ta hana, wani lokaci ma aikin babu shi sam.

Akwai masu cewa ɗaliban ne suka ɓata abin, suka mayar da karatu hanyar shiga ta bayan gida. Gwamnatin Rishi Sunak ta yi wannan zargin, har sakataren harkokin cikin gidanta, James Cleverly, ya sa kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙaura, ƙarƙashin Farfesa Brian Bell, ya bincika. Rahoton ya fito a Mayun 2024. Kwamitin ya ce bai ga shaidar cewa ana cin zarafin tsarin a faɗaɗe ba, ya ba da shawarar a bar bizar yadda take, ya kuma nuna yatsa ga dillalan da ke yaudarar ɗalibai. Shekara guda bayan haka wata gwamnatin, ta wata jam'iyyar, ta rage ta duk da haka. Abin da ya sauya ba shaida ba ce, lissafin zaɓe ne.

Ban ce ƙasa ba ta da ikon tsare iyakarta ba. Tana da shi, kamar yadda Najeriya da Nijar suke da shi. Rarar masu shiga Birtaniya a kan masu fita ta haura dubu 900 a shekara guda a 2023, gidajen haya sun yi tsada, layin asibiti ya yi tsawo, kuma ɗan ƙasar da ya ce a rage bai yi laifi ba. In sun ga dama su rufe bizar gaba ɗaya gobe. Abin da nake cewa shi ne a rufe ta ga wanda bai riga ya biya ba. A rubuta wa kowane ɗalibi sharuɗɗan da ya shiga da su a ranar da aka ba shi bizar karatu, su bi shi har ya gama. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jami'o'in da suka buga "shekara biyu ta aiki" da manyan baƙaƙe a tarukan talla a otal-otal na Abuja da Legas su ma suna da alhaki, domin da wannan alkawarin suka cika azuzuwansu.

Wanda ya ce to a bar Birtaniya a nufi wani wuri, zai tarar da labarin kusan ɗaya ne. Kanada ta daɗe tana ba da izinin aiki har na shekara uku bayan karatu, ana kuma kallonsa a matsayin hanya mafi miƙewa zuwa zama na dindindin. A Janairun 2024 ministan shige da fice Marc Miller ya sa iyaka ga adadin bizar karatu, aka ninka kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, aka cire wasu kwalejojin haɗin gwiwa da 'yan kasuwa daga tsarin, sannan daga Nuwamba aka ƙara sharaɗin jarrabawar harshe ga 'yan jami'a da 'yan kwaleji, da na fannin karatu ga 'yan kwaleji. Ostareliya ta sauko da iyakar shekarun mai neman bizar bayan karatu daga 50 zuwa 35 a Yulin 2024 ga yawancin masu nema. A Amurka wata 12 ake bayarwa, masu kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi su ƙara 24, aikin dole ya dace da abin da ka karanta, kuma idan ka yi kwana 90 babu aiki a shekarar farko ka fita daga ƙa'ida. Bayan nan sai bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B, mai gurbi dubu 85 a shekara, wadda masu nema suka fi guraben yawa har sai an yi ƙuri'a.

Jamus ce ta ɗan bambanta, kuma ina mamakin yadda mutanenmu ba su cika duba ta ba. Ita ma wata 18 take bayarwa, daidai da abin da Birtaniya za ta koma. Bambancin shi ne abin da ka kashe kafin ka kai can. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa sai ɗan kuɗin zango, in ban da wurare irin jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 a zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Za ka ajiye kusan Yuro dubu 12 a asusun da ake sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata, amma wannan kuɗin cikinka ne da hayarka, ba na jami'a ba. Wanda ya yi digiri a can ya samu aikin da ya dace, yana iya neman zama na dindindin bayan shekara biyu yana aiki yana biyan kuɗin fansho. Kuɗin shigar shi ne harshe. Ana iya yin digirin da Turanci, amma samun aiki ba tare da Jamusanci ba wahala ne, kuma wannan shekara ɗaya ko biyu ta koyon harshe ita ce mutane ke gudu. Dillali ma ba zai tura ka can ba, tunda jami'ar da ba ta karɓi kuɗi a hannunka ba, ba ta da kamashon da za ta ba shi.

Wannan batun kamasho ya kamata kowane uba ya sani. Ofishin da ke cewa zai nema wa ɗanka gurbi kyauta, jami'ar ce ke biyan sa wani kaso na kuɗin makarantar yaron. Ba haramun ba ne, amma yana nufin shawararsa tana da inda ta karkata. Zai nuna maka kwas ɗin da ya fi saurin ba da gurbi, ba wanda kamfanoni ke ɗaukar nauyin masu shi ba. Haka aka cika azuzuwan digiri na biyu na gudanar da kasuwanci da 'yan Najeriya da Indiya da Pakistan, su gama rana ɗaya, su fita neman aiki iri ɗaya.

Sai kuma abin da babu gwamnatin waje da ta jawo mana. Lokacin da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya tara kuɗin shekara guda ya wayi gari kuɗin bai kai na rabin shekara ba, kuma doka ta ba ɗalibi awa 20 ne kawai na aiki a mako lokacin karatu. A Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ya fito: sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da su, aka kai sunansu ma'aikatar cikin gida, wasu aka ce su bar ƙasar, har sai da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta Abike Dabiri-Erewa ta sa baki. Wanda bai gama digiri ba kuwa ba shi da bizar bayan karatu, domin sai jami'a ta shaida wa gwamnati cewa ka kammala kafin ka nema. Duk lissafin da aka gina a kan "idan na gama zan yi aiki in biya bashin" ya rushe tun kafin a kai wurin.

Na san akwai masu cewa gara ma a matse, yaranmu su dawo gida su yi mana aiki. Ina raba wannan gida biyu. Wanda gwamnati ta tura da kuɗin jama'a, ko asusun bunƙasa fasahar man fetur PTDF ne, ko asusun tallafa wa manyan makarantu TETFund, ko jiha irin Kano da ta tura ɗaruruwa waje tun zamanin Kwankwaso, ya sa hannu cewa zai dawo, to dawowa bashi ce a wuyansa. TETFund ta dakatar da tura malaman jami'a karatu waje daga Janairun 2025, kuma cikin dalilan da ta bayar, ban da tsadar canji, har da waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Sun ci nasu sun rufe ƙofa ga na bayansu. Amma wanda ya tafi da kuɗin gidansu, shekara biyun nan ta aiki ita ce ke mayar da takardar digiri ta zama gwaninta. Injiniyan da ya yi shekara biyu a kamfanin wutar lantarki mai aiki da iska a tekun arewacin Ingila, ya dawo, ya fi amfani ga Najeriya a kan wanda ya dawo da kwali da hoton rigar yaye. Gajarta bizar ba ta dawo mana da ƙwararru, tana dawo mana da masu bashi.

Saboda haka idan ƙanina ne ya zo da takardar gurbi yana neman a haɗa masa kuɗi, tambayar da zan fara yi masa ita ce: in aka soke bizar nan gaba ɗaya kana tsakiyar karatu, wannan digirin zai biya kuɗinsa a Abuja ko Kano ko Dubai? In amsar a'a ce, to biza yake saye ba ilimi ba, kuma mai sayarwar bai ɗaure kansa da komai ba. Sannan zan ce ya buɗe rajistar kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi, wadda ma'aikatar cikin gidan Birtaniya ke wallafawa kyauta a intanet, ya nemo waɗanda ke fanninsa, ya duba albashin da suke farawa da shi, ya gwada da fam 33,400. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma kafin a biya kuɗin ajiyar gurbi ake yin sa, ba bayan an sauka a filin jirgin saman Heathrow na Landan ba.